Kalmar da Na Bi Sawunta a Bradford

Tun asuba ake yayyafi, irin na garin nan marar tsawa.
Na miƙa makullin bas, na fake a laburare.
Daren jiya Ɗantani ya cika min kunne ta waya:
kabal ta hana ruwa gudu, kabal ta shaƙe wuyan ƙasa,
ita ta naɗa wane, ita ta tuɓe wane.
Na ce, kai da ka san ta haka, 'yar gidan wa ce?
Ya ce in raba shi da iyayi, katinsa zai ƙare.

Mai tsaron littattafai, Misis Oddy,
tabarau na lilo da zare a wuyanta,
ta sauko min da ƙamus mai nauyin turmi.
Ta ce akwai labarin da mutanen nan ke so:
wani sarkinsu, shekara ɗari uku da ɗoriya,
yana da wazirai biyar masu ƙus-ƙus a bayan labule.
Tsinci harafin farko na sunan kowannensu,
ka jera, sai ga kalmar cif.
Na ce to, ai magana ta ƙare.
Ta girgiza kai. Kalmar ta girme su, in ji ta.
Riga ce suka tarar a rataye,
suka zura, ta zauna musu.

Ta ɗora yatsa tana bin sawu da baya,
kamar mai neman akuya bayan ruwa ya ɗauke:
daga Turanci zuwa Faransanci,
daga can zuwa Latin na limaman coci,
har muka tsaya a ƙofar Ibrananci.
Ƙabbala.
Abin da aka karɓa.
Ilimin da dattijo ke zuba wa ɗalibi a kunne,
shi ma ya riƙe har ya sami hannun da zai miƙa wa.
Waɗanda ba su taɓa zama a zauren ba
suka jiyo murya ƙasa-ƙasa ta katanga,
suka ce ba karatu ba ne, ƙulli ake yi.
Haka abin ibadar wasu
ya zama sunan munafuncin wasu.
Ba a nemi iznin masu shi ba.

Na juya ta a baki, ƙaf, ba, lam.
Kai! Ai na san gidan nan.
Maƙwabtansa ne suka haifi ƙabuli,
wanda waliyyi ke furtawa gaban shaidu, goro na zagayawa.
Can aka haifi alƙibla,
wadda sahu ke fuskanta rana tsaka, ba ɓoyo.
Tsatso ɗaya, ɗa ya tsaya a fili,
ɗan'uwansa ya koma bayan ƙyaure.
Na so in faɗa wa Misis Oddy,
amma wani yaro ya zo neman littafin kifaye.

Da na fito ruwan bai tsaya ba.
A hanyar Manningham na tuna shagon askin Illo,
inda muke haɗuwa bayan ya sauke ƙofa:
ni, da shi, da Gwadabe, da Barau mai tasi,
da Alhaji Tanimu mai riƙe da asusu.
Lahadi ƙungiyarmu ta 'yan gida za ta yi zaɓe,
mutum tamanin za su ɗaga hannu a zauren haya,
mu kuwa tun Talata, a kan shayi da gyaɗa,
mun gama sanin wanda zai ci.
Don zaman lafiya ne, haka muke cewa.

Na ciro tsohon tikiti, na jera haruffan sunayenmu.
Na juya su gaba, na juya su baya,
ba su ba da kalma ko ɗaya ba.
Har na ji sanyi a raina.
Sai na tuna rigar nan ba ta tambayar suna.

Waya ta yi motsi a aljihu. Illo ne:
ƙarfe tara, ta ƙofar baya,
kuma kada Ɗanjuma ya ji.